Farar Ƙasa a Bangon Madafa

Daga Ƙarfi, ƙasar Malumfashi.

Zuwa ga ɗiyata Zulai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa daga ni da babanki, da fatan kin sauka Kaduna lafiya, kin sami ɗaki mai ruwa kusa da ƙofa mai kulluwa, kuma mutanen ofishin da aka tura ki bautar ƙasa sun karɓe ki hannu bibbiyu. Allah ya tsare min ke a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da masu daɗin baki. Babanki ya ce in gaishe ki, in kuma shaida miki rediyonsa ya daina kama tasha tun ranar da kika tafi, wai ke kaɗai kika san gefen da ake bugunsa.

Kada ki yi dariyar girman rubutun nan. Da hantsi nake zama a bakin ƙofa in rubuta, lokacin da haske ya fi yawa, in idon ya fara ruwa in ajiye sai gobe. Ba labarin gari zan ba ki ba, wannan kam waya ta ishe mu. Maganar da ke cikin takardar nan irin wadda bakina ba ya iya faɗa ce. Sau nawa ina ɗauko ta a waya, da na ji muryarki sai in ji kaina ina cewa lafiya lau.

Kin tuna ranar da muka raka ki tashar Funtua? Yaya Habi, babbarmu a ƙungiyar masu ƙuli, ta riƙe hannunki ta ce, "Zulai, tunda an ce wurin masu harkar sola da murhun zamani aka kai ki, ki buɗe kunne. In kin ji inda ake ba mata tallafi, ki tuna da mu. Hayaƙin nan ya gama da mu." Ni kuma na yi farat na ce, "Haba Yaya Habi, yarinya ko zama ba ta yi ba za ki ɗora mata kaya? Mu ai sai godiya." Kika dube ni, kika dube ta. To, wannan maganar tawa nake so in janye. Yaya Habi ce ke da gaskiya, ni kuwa tsohon halina ne ya motsa.

Kin san abin da likitan ido ya faɗa, tunda ke kika kai ni. Ya ce na hagun da ya yi yana za a iya yi masa aiki, amma in na koma na ci gaba da tsuguno cikin hayaƙin nan, na daman ma zai bi sahu. Babanki ya ce in bar sana'ar. Na ce in bar ta mu ci me? Gonarsa tana kai mu rabin shekara, kaskona ne yake kai mu sauran rabin, kuma da shi aka yi karatunki tun daga allo har zuwa wannan kakin da kika saka kina ɗaukar hoto. Ba zan iya barin suya ba, kuma ba na so in makance. Abin da ya rage shi ne murhun nan na zamani, babba, mai bututun da ke fitar da hayaƙi waje, wanda ba ya cin itace da yawa. Ni kaɗai ba ni da ƙarfin gina shi, haka ma sauran matan. Shi ya sa zan ba ki labarin yadda na yi ta neman tallafinsa ina ɓata wa kaina da kaina, don kada ki bi sawuna.

Amma bari in fara daga baya, don ki san ba ƙin hayaƙi aka koya mana ba.

Lokacin da aka kawo ni Funtua ina amarya, babanki yana aiki a gidan gurzar auduga. Ke ba ki ga Funtuwar nan ba. Da kaka ta yi, sai ki ga motoci jere ɗauke da auduga har ta fi su tsawo, tana zuba a gefen titi, iska tana wasa da ita, har jikin bishiya sai ya yi fari. Jiniyar ma'aikata ce agogonmu. Jirgin ƙasa kuwa in ya yi kuka daga nesa, kwanonin da na jera a ɗaki har motsi suke yi. A nan na fara ƙuli. Babanki ne yake ɗaura kwano a bayan keke ya kai wa leburori, ya dawo da shi wayam, yana cika baki wai shi ne ya iya talla, ba ƙulin ne ke da daɗi ba. Itace a lokacin ba abin tunani ba ne. Karan dawa da karan auduga kyauta ake ba ki, har a gode miki don kin share wa mutum gona.

Ita kuma Inna mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, in ta zo ganina ba ɗakina take fara leƙawa ba, madafa take nufa. Ta ɗaga kai ta dubi rufi, in ta ga kunkunniya ta yi baƙi ƙirin tana reto, sai ta ce, "To, madalla, ana ci a gidan nan." A wurinsu hayaƙi shaida ce ta gida mai rai. Ita ma da jajayen idanu na san ta, haka kakata, ban taɓa jin wani ya kira abin ciwo ba. Har yau in na ji ƙanshin gyaɗa ta fara soyuwa hayaƙin kara yana tashi, Inna nake tunawa, da zanenta mai ƙanshin toka, da yadda take goge hawaye da bayan hannu tana dariya. Ina kewar zamanin nan, Zulai, ba zan ɓoye miki ba. Ina kewarsa ƙwarai, duk da na san shi ne ya fara cin idona.

Da aikin auduga ya ja baya muka dawo Ƙarfi. Ɗorawoyin da ke bayan gari, waɗanda muke hutawa a ƙarƙashinsu in mun dawo daga rafi, ɗaya bayan ɗaya suka shige murhunmu. Mu muka ƙone su, ba wani ba. Yanzu daga nesa ake kawo itace a kan babur, ɗanye ma, mai hayaƙi kamar an kunna tsumma, ga tsada. Tun da man fetur ya tashi kuwa, mai injin niƙa ma ya ƙara mana nasa.

Kuskurena na fari shi ne zama. Shekaru muna jin ana faɗa a rediyon babanki cewa ana ba mata tallafin murhu, ana ba manoma famfon sola, ana saka wa asibitocin ƙauye wuta mai aiki da hasken rana. Ni a tunanina irin wannan abu zuwa yake yi da kansa, in rabonka ne ya same ka a gida. Kuma ina ganin mace ta tashi ta je ofis tana tambaya zubar da mutunci ne. Haka na zauna ina jiran rabo, ina hura wuta.

Maman Ngozi ce ta tashe ni. Kin san ta, mai shagon kayan miya a kasuwar Funtua da ke sayen man gyaɗarmu. A Funtua aka haife ta, Hausarta ta fi tawa kaifi, kuma ba ta san kwana-kwana ba. Wata rana na kai mata mai ina ta goge ido, ta ce, "Maman Zulai, mi ya sami idonki?" Na ce ba komai. Ta ce, "Ba komai ne yake zubo maki da hawaye a shagona? Ku kam kuna da aiki. Kun taɓa zuwa neman murhun nan da ake bayarwa?" Na ce ai ba a zo mana ba tukuna. Ta tafa hannu ta yi dariya har maƙwabcinta mai sayar da fitilun sola ya leƙo. Ta ce, "A zo maku? Wa ya san kuna duniya? Ƙungiyarku tana da rajista? Kuna da asusu a banki? To, ko an zo, a hannun wa za a saka?"

Raina ya ɓaci ranar, har na ce a zuciyata ba zan sake kai mata mai ba. Amma sati na zagayowa na koma, da Yaya Habi a bayana. Maman Ngozin ce ta nuna mana hanya. Muka yi wa ƙungiya rajista, muka buɗe asusu da sunan ƙungiyar, muka zaɓi masu sa hannu. Ta ce mu riƙa leƙa sashen mata da na noma a sakatariyar ƙaramar hukuma ko ba a kira mu ba, mu saba da malamin gona, mu riƙa tambayar masu sayar da kayan sola, don su ne suke fara jin ƙishin-ƙishin in wani shiri ya shigo. Ta kuma ja mana kunne, ta ce duk wanda ya ce ku kawo kuɗi kafin ya saka sunanku, ku ba shi ruwa ya sha, ku raka shi ƙofa. Wannan gargaɗin ya cece mu daga wani mai tsinin takalmi da ya zagaya ƙauyukan nan har Musawa, ya kwashi na mutane ya ɓace.

Don haka ke kada ki zauna. Kina cikin ofishin da irin wannan labari yake wucewa, amma ba zai tsaya a teburinki ya gaishe ki ba. Ki tambayi manyanki da ladabi wane shiri ne a buɗe, na gwamnati ne ko na ƙungiyoyin agaji ko na banki, su wa ake ba, me ake so su kawo, yaushe ake rufewa. In an ce ki dawo gobe, ki dawo goben. Ba roƙo kike yi ba. Don irinmu aka ware abin, in ba mu nema ba wasu ne za su karɓa.

Yanzu ga babban, wanda har yau in na tuna sai in ji fuskata ta yi zafi.

Bayan mun yi ta zirga-zirga, sai malamin gona ya aiko cewa baƙi za su zo ranar Laraba daga wata ƙungiya mai gina wa mata manyan murahu. Za su duba wurin aikinmu, su ga ko mun cancanta. Madafata aka zaɓa, don ita ce babba, kuma a nan mata suke taruwa in aiki ya yi yawa.

Zulai, ke kin san uwarki. An ce baƙi za su zo, ni kuwa kalmar baƙi kaɗai na ji. Kina makaranta lokacin, da kina nan wataƙila da kin hana ni. Na sa aka samo min farar ƙasa, na jiƙa ta, na shafe bangon madafar nan tas, bangon da ya shekara yana shan hayaƙi. Na yi masa shafe na biyu don baƙin yana ɓullowa. Na kwashe toka, na yayyafa ruwa, na share. Ɗanyen itacen da muke fama da shi na sa aka kai bayan rumbu aka rufe da zana. Ranar Laraba ban hura wuta ba sam, kada baƙi su shaƙi hayaƙi. A gidan Yaya Habi aka dafa musu shinkafa da zabi. Na ɗauko atamfar da nake zuwa biki da ita, na rambaɗa kwalli don ya ɓoye jan idon. Sauran mata ma kowa ta sha ado, kamar masu jiran amarya.

Suka iso da hantsi, mace da namiji. Macen yarinya ce kusan sa'arki, mai fara'a, Hausarta irin ta wanda ya koya da girma. Ta shiga madafa ta duba hagu ta duba dama, ta ce, "Kai, Mama, wurinku da tsafta!" Ni kuma daɗi ya kama ni, har ina gyara ɗauri.

Ta ce, "Hayaƙi yana damunku?"

Na ce, "A'a, alhamdu lillahi. Sai godiya."

Ta ce, "Itace fa? Yana muku wahalar samu?"

Na ce, "To, Allah dai yana rufa asiri."

Ta ce, "Babu mai tari ko ciwon ido a cikinku?"

Na ce, "Lafiya lau muke, ɗiyata."

A daidai lokacin tari ya taso wa Yaya Habi. Ina kallonta ta cusa bakinta cikin mayafi ta danne shi, har jijiyar wuyanta ta tashi, don kada ta kunyata ni a gaban baƙi. Yarinyar tana ta rubutu. Duk abin da na faɗa, shi ta rubuta.

Kada ki ɗauka ban yi niyyar faɗa mata gaskiya ba. Na yi. Amma ke ma kin san yadda ake yi a wurinmu. Amsar fari ba amsa ba ce, gaisuwa ce. Baƙo yana zama, ya sha ruwa, ya ci abinci, a yi hira. Sai ya tashi tafiya, an fito rakiya, an yi ɗan nisa da idon mutane, sannan ki rage murya ki ce, "Af, na ce ba," ki faɗi abin da ke cinki. Haka na ga Inna tana yi, haka na yi duk rayuwata. Na tanadi maganata tsaf sai wurin rakiya. Ashe motarsu a bakin ƙofar gida take. Muna fitowa daga zaure direba ya riga ya buɗe ƙofa, yarinyar ta shige, ta ɗaga min hannu ta ce, "Mun gode, Mama!" Na tsaya da "Af, na ce ba" a bakina, ina kallon bayan mota.

Ba mu samu ba. Wani ƙauye can gaba aka gina wa. Daga baya malamin gona yake ba mu labari, wai su saƙon zuwan baƙin ma bai kai musu ba. Aka same su tsakiyar suya, hayaƙi ya turnuƙe, yarinyar nan da kanta sai da ta fito waje tana tari. Mu da aka sanar da mu, mu muka faɗi.

Babanki bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Ya zo ya tsaya a ƙofar madafa, ya harɗe hannu a baya yana kallon farin bango, ya ce, "Kai, aiki ya yi kyau. Kin shafe bango, kin shafe mu daga cikin mabuƙata." Har yanzu in ya ga na ɗauki tsintsiya sai ya ce, "A yi a hankali dai, kada a share rabo." Maman Ngozi kuwa da ta ji, ba ta yi dariya ba. Ta dube ni ta ce, "Maman Zulai, in kin je asibiti ma haka kike ce wa likita lafiya lau?" Haka kuwa nake ce masa.

Na daɗe ina jin haushin yarinyar nan. Ina cewa wace irin tarbiyya ce a tambayi babba sau ɗaya a rubuta? Daga baya na gane ba ta da laifi. Abin da ta gani ta rubuta, abin da ta ji ta kai. Kuma ban ce godiya laifi ba ce. Har in mutu ina gode wa Allah, kuma ina so ki riƙe wannan. Amma gode wa Allah daban, ɓoye wa wanda ya zo taimakonka ciwonka daban. Ni na haɗa su wuri ɗaya, mata da yawa suka ci gaba da shan hayaƙi saboda kunyata.

To, ga abin da nake so da ke. In kin tsaya neman mana, ki faɗi abin yadda yake. Kada ki yi masa kwalliya, kada kuma ki ƙara masa gishiri, don ƙarya ma tana da ranar tonuwa. Ki ce mata ne masu suyar gyaɗa a kan duwatsu uku, a ɗaki marar taga, da ɗanyen itace. Ki ce akwai mai tari, akwai mai ciwon ido. In sun ce wa ke da ciwon idon, ki ce uwata ce. Na yafe miki kunyar.

In kuma wata rana ke aka tura ƙauye da takarda a hannu, don na san za a tura ki, ki tuna da ni. Duk matar da ta ce miki sai godiya, ki zauna, ki sha ruwanta, ki sake tambaya ta wata hanyar. Kada ki dubi bango, ki ɗaga kai ki dubi rufi. Ranar nan hannuna bai kai azara ba, kunkunniya tana nan tana reto a saman kan yarinyar, da ta ɗaga ido sau ɗaya da ta ga komai. Sannan ki ce wa direba ya ajiye mota nesa da gida, can bakin masallaci ko gindin wata bishiya, don a sami wurin yi miki rakiya. A wannan 'yar tafiyar za ki ji abin da kika zo nema.

Akwai wani ƙaramin kuma, shi dariya ma yake ba ni. Bayan wancan da kamar shekara, wani mai hali ya zo rabon murhu a filin makaranta, da masu ɗaukar hoto. Aka kira sunana, aka miƙo min. Murhu ne mai kyau, fenti yana ƙyalli, amma tukunyar shayi ce daidai bakinsa. Kaskona kuwa kin san shi, mutum biyu ke ɗaga shi. Mutumin ya ce, "Hajiya, ya yi ko?" Me kike tsammani na ce? Na ce, "Ya yi, Alhaji, Allah ya saka da alheri." Yana nan a bayan ɗaki. Babanki ya dafa shayi a kai kwana biyu, yanzu kazar nan mai wake-wake ce take ƙwai a ciki, kuma ita kam ba ta da ƙorafi.

Shi ya sa za ki ga zare a cikin ƙunshin da na aiko miki tare da takardar nan, na naɗe shi a jikin kara na saka a gefen ƙulin. Kada ki yar. Daga bakinsa zuwa ƙulli na fari, faɗin kaskona ne. Daga nan zuwa ƙulli na biyu, zurfinsa. Ni da Yaya Habi muka auna. Duk wanda ya ce zai ba mu murhu, ki warware zaren nan a kan teburinsa. Ki tambaye shi ko yana da bututun hayaƙi, ko yana cin kara da ɓawon gyaɗa, don su muke da su. Ki tambaya in ya tsage wa zai gyara, ko akwai magini a Funtua ko Malumfashi da ya iya, ko kuwa sai an jira wani daga birni. In sun yi maganar injin niƙa mai sola, ki saurara da kyau, muna so, amma ki ji ko ana samun kayan gyaransa kusa. Kuma kafin kowa ya sa hannu, a faɗa mana da Hausa ko kyauta ce, ko rance, ko rabi da rabi. In rance ne mai ruwa, kin san Yaya Habi ko kusa ba za ta zo ba, gara a sani tun wuri.

Abu ɗaya kuma, ki ji shi da kyau. Ban ce ki cusa sunanmu ta bayan gida ba. Ban ce ki ture wasu don mu ba. In akwai waɗanda suka fi mu shan wuya, a fara da su, wallahi ba zan ji haushi ba. Ki nuna mana ƙofar kawai, mu bi layi kamar kowa, takardunmu suna nan a shirye. Mutuncinki a wurin aikin nan ya fi min murhu.

Bangon ya koma baƙi, Zulai. Damina biyu ta ishe shi. Da ƙaramar Sallah babanki ya ce ko a samo farar ƙasa a ɗan gyara, na ce kada wanda ya taɓa min shi. Na gaya wa matan ma, duk ranar da aka ce baƙi na zuwa, a hura wuta tun safe, kowa ta zo da zanen aikinta, kuma Yaya Habi ta yi tarinta son ranta. Ko su zo ba sanarwa ma, ya fi.

Saura magana ɗaya, ita ce na yi ta kewaye-kewaye tun farkon takardar nan.

Ranar nan a tasha, da kika shiga mota aka rufe ƙofa, na tsaya ina ɗaga miki hannu ina murmushi. Na daɗe ina yi. Sai na ji hannun babanki a kafaɗata, ya juya ni a hankali zuwa dama, ya ce a kunnena, "Ga ta can, wannan ta Zariya ce." Motar wasu nake ta yi wa bankwana. Kafin in gane taki, ta riga ta kai bakin titi. Babanki da bakinsa ba ya shiru, ranar har muka iso Ƙarfi bai tsokane ni ba ko sau ɗaya, a nan na san shi ma ya tsorata. Na daman ya fara, ɗiyata. Ban gaya wa kowa ba sai yanzu.

Don haka in kin kira kika ce, "Inna, ya idon?" na ce miki lafiya lau, kada ki karɓa. Ki sake tambaya. Wannan takardar ita ce rakiyar ni da ke kaɗai da ban samu na yi miki ba, kuma na faɗi abin da ke bakina.

Ƙulin na Yaya Habi ne da nawa a haɗe, mai yajin nata ne. Man gyaɗar da na haɗo kuwa, ki ba matar da kike zaune a gidanta rabi. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki ci abinci, kada ki yi ta zama da yunwa don tsimi. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya kare ki daga sharrin hanya da na mutane, ya sa albarka a aikinki, ya buɗa miki ƙofofin da ni na tsaya a bakinsu ina jin kunya. Allah ya dawo min da ke lafiya. Kuma ina roƙonsa, ranar da za ki sauka a tashar Funtua, ni in fara hango ki tun daga nesa, ba sai an juya ni ba.

Wassalam.

Innarki.